A goge bakin kwalba kafin a huda ta

Maganarmu ta yau bisa wani ɗan aiki ce wanda bai cika minti guda ba, amma rai yana rataye da shi, wato goge bakin kwalbar magani da alkol kafin a soka mata allura.

Duk wanda ya taɓa kai yaro likita da damina, a Tawa ko Keita ko Barmu, ya ga yadda ake haɗa maganin masassarar cizon sauro mai tsanani. Tun shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar artesunat bisa kinin. Maganin gari ne, miligiram 60 cikin ƴar kwalba mai toshiyar roba. Sai an zuba masa mililita 1 na ruwan bikarbonat, a girgiza har ya yi garau, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, sa'an nan a zuƙo shi a sa cikin jijiya. Ku lissafa da kanku: huda uku ga kwalba guda, ban da ƙananan kwalabe biyu da ake karya wa wuya. Duk abin da ke zaune bisa robar nan, tsinin allura zai tura shi ciki, daga nan kuwa sai jinin yaro.

Mutane da yawa, har cikin ma'aikata, suna tsammani tun da kwalba ta zo da ƴar hularta, robar da ke ƙarƙashi ba ta da ƙwayar cuta. Ba haka ba ne. Hular tana tare ƙura ne kawai, kuma da zarar an ɓalle ta, to, mun san ƙurar hunturu a ƙasar Adar, wadda ke shiga har cikin akwati mai kwaɗo.

Alkol ɗin ma da wanda ya dace. Wani ya ga lamba 90 ya ce ai ya fi ƙarfi, alhali mai lamba 70 ne ya fi kashe ƙwayar cuta, domin ruwan da ke cikinsa shi ke taimaka masa ya ratsa jikin ƙwayar, ya kuma hana shi saurin tashi. A goga da sabuwar auduga, a dakata ya bushe da kansa. Ba a hura masa baki, ba a shafa da yatsa a ji ko ya bushe. Gwangwanin nan kuma da ake cikawa da auduga jiƙaƙƙiya tun da safe, hannu ya yi ta shiga da fita har la'asar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana shi. Da zafin bazara irin namu, kafin azahar alkol ya gudu, saura auduga mai laima da dattin hannu.

Na san abin da majo zai ce: yara sun cika rumfa, shi kaɗai ne, ina lokacin jira? Maganarsa da gaskiya a ciki, ba kuwa za mu raina wahalarsa ba. Amma yaron da allura ta yi wa ƙurji a cinya, ko cuta ta shiga jininsa, wurin majon nan dai zai komo, ya ci masa kwanaki, iyaye kuma su sayar da akuya.

Kada dai a ɗauka alkol shi ne magani duka. Akwai ƙwayoyi masu ɓawo da ba ya iya kashewa, kuma ba ya gyara maganin da aka haɗa cikin ƙazanta. A Amurka, cikin shekarar 2012, allurar da wani gidan haɗa magani na jihar Masacusets ya rarraba ta sa mutum fiye da 750 ciwo, 64 suka rasu. Saboda haka a wanke hannu, a share tebur, kuma a daina barin allura soke cikin robar kwalba wai don sauƙin ɗiba.

Ga shugabannin lafiya na jaha da na gundumomi, roƙonmu shi ne idan za a aika kwalin artesunat zuwa Kalfu ko Takanamat, a haɗa shi da alkol mai lamba 70 da auduga gwargwadon yawan kwalaben, tun kafin ruwa ya yanke hanya. Masu rangadin duba aiki kuma su tsaya bayan ma'aikaci su ga hannunsa yana haɗa magani, ba littafin rajista kaɗai ba.

Ku kuwa da kuka yi yaƙi da jahilci, in an rubuta muku alkol cikin takardar magani, ku duba lambar da ke jikin kwalbar tun kuna gaban mai farmasi, ku kuma toshe bakinta sosai kafin ku kama hanya.