Madarar Awakin Tamanrasset

'Yan'uwa, sau da yawa a Tamanrasset akan dubi Bahaushe da idon zargi, a kira shi baƙon haure tun ba a ji sunansa ba. Abin yana mana ciwo, alhali mu ma haka muke yi wa baƙuwar fuska.

A garin nan, a farkon 1908, ana tsakiyar fari, ciwo ya kwantar da Charles de Foucauld, Kirista Bafaranshe. Abzinawa Musulmi sun san addininsa, sun san ƙasarsa ce ta mamaye Aljeriya. Duk da haka, cikin yunwarsu, suka bi zango-zango suna tara masa madarar awaki har ya farfaɗo.

Mu tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan wannan hali, domin baƙonka annabinka. Allah Ya sa mu dace.