Tamba: Abin Da Masana Suka Gano A Cikinta Da Aikin Da Ke Gaban Hukuma

Tun lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da dangoginsa, bisa shawarar da ƙasar Indiya ta kawo kuma aka amince da ita cikin watan Maris na 2021, sunan tamba ya soma fitowa daga ƙauyuka zuwa birane. A yau ana samun garinta a ƙulle cikin leda a kantunan manyan garuruwa, masu talla kuma suna cewa tana maganin ciwon sukari da hawan jini saboda wasu sinadarai da ke cikinta. Ya kamata a tantance gaskiyar wannan magana, domin ta shafi lafiyar jama'a da kuma aljihun manoma.

Tamba hatsi ce ta ƙasashen kan tudu. Masana sun ce an fara nomanta shekaru dubbai da suka wuce a tsaunukan Habasha da Uganda, daga can ta ƙetara teku zuwa Indiya, wadda a yanzu ta fi kowace ƙasa nomanta. A Nijeriya an fi saninta a tsaunukan Jihar Filato da kudancin Jihar Kaduna, inda ake yin kunu da tuwo da ita. Manoma sun daɗe da sanin cewa takan yi shekaru a rumbu ƙwari ba su taɓa ta ba, shi ya sa ake ajiye ta domin shekarar da damina ta ƙi.

Sinadaran da ake magana a kansu su ne waɗanda masana kimiyya ke kira antiyoksidan, watau masu hana tsatsa. Kowa ya san yadda ƙarfe ke yin tsatsa idan aka bar shi a fili, da yadda yankakkiyar doya ke sake launi. Wannan aikin iskar oksijin ne. Irin haka yana faruwa a jikin mutum: yayin da jiki ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi, yakan fitar da wasu ƙananan abubuwa masu lahani waɗanda ke taɓa ƙwayoyin halitta da jijiyoyin jini. Jiki yana da nasa makaman kariya, abinci kuma yana ba shi gudummawa.

A cikin tamba, mafi yawan waɗannan sinadarai na dangin da ake kira folifenol ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne tanin, irin sinadarin nan da ke cikin bagaruwa wanda majema ke gyara fata da shi, kuma shi ke kawo ɗan baurin da ake ji a kunun tamba. Bincike ya nuna cewa sun taru ne a cikin bawon ƙwayar, kuma jar tamba ta fi fara yawansu ƙwarai. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya surfe tamba ya tankaɗe dusar ya zubar, to ya zubar da mafi yawan abin da ake yabonta a kai. Bugu da ƙari, tamba ta fi sauran hatsi sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, wajen miligiram 340 a kowane giram 100, wanda ya ninka na farar shinkafa fiye da sau goma.

Sai dai akwai tazara tsakanin abin da aka auna a ɗakin gwaji da abin da ke faruwa a cikin mutum. A shekarar 1994 aka bayyana sakamakon wani babban bincike a ƙasar Finlan, inda aka bi maza masu shan taba wajen 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayoyin betakarotin, wani antiyoksidan da ake samu a karas, sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. Har ila yau, a 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta janye jadawalin da ta kan buga na ƙarfin antiyoksidan a abinci iri-iri, saboda 'yan kasuwa sun mai da shi abin talla, alhali babu hujjar da ta nuna alƙaluman suna fassara lafiyar mai ci. Abin da likitoci suka yarda da shi shi ne cewa cin hatsi da dusarsa yana tafiya tare da raguwar ciwon zuciya da ciwon sukari. Saboda haka tamba abinci ce mai kyau, amma mai ciwon sukari da ya ajiye maganin asibiti ya dogara ga kunu ya jefa ransa cikin haɗari, musamman da yake kunun gari mai laushi yana saurin narkewa ya shiga jini.

Akwai kuma wani gefen da masu talla ba su faɗa. Shi wannan tanin, tare da wani sinadari mai suna faitet, suna riƙe sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci su rage wanda jiki zai samu. Wannan ya shafi yara ƙanana da mata masu juna biyu, waɗanda ƙarancin jini ya fi damu. Jiƙa hatsin, ko barinsa ya tsira, ko tsima gasararsa ta yi tsami, duk suna rage wannan illa, kuma dabaru ne da matan karkara suka gada.

Idan sunan tamba ya ci gaba da yaɗuwa, wa zai ci ribar? Abin da ya sami wasu hatsin kan tudu ya isa darasi. A tsaunukan Bolibiya da Peru, farashin kinwa ya ninka wajen sau uku tsakanin 2006 da 2013 sa'ad da Turawa suka yi mata ca, daga baya ya faɗi da wasu ƙasashe suka shiga nomanta. A Habasha, gwamnati ta hana fitar da ƙwayar tef zuwa waje a 2006 domin tsoron tsadar abinci a gida, sa'an nan wani kamfani na ƙasar Holan ya riƙe takardar mallakar hanyar sarrafa garin tef har zuwa ƙarshen 2018, lokacin da wata kotu a can ta ce takardar ba ta da inganci a ƙasar.

Manomin tamba a Nijeriya yana fama da matsaloli waɗanda talla ba za ta warware ba. Ƙwayar ƙanana ce ainun, sussuka da sheƙa da hannu aiki ne mai cin rai wanda yawanci mata ke yi. Ciyawar tuji, wadda 'yar'uwarta ce, tana kama da ita a lokacin tsiro, don haka noma yana da wuya. Akwai kuma cutar da ke ƙona ganye da kan tamba. Waɗannan ne suka sa manoma da yawa suka koma ga masara.

Indiya ta nuna hanya. Jihar Karnataka tana sayen tamba daga manoma tana rabawa cikin abincin rangwame, abin da ya ba manomi kasuwa tabbatacciya. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, wadda ke da reshe a Kano, tana ajiye da dubban ire-iren tamba. Ya rage ga Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya da gwamnatocin Filato da Kaduna su tattara irin gida su yi masa rajista, su gwada ingantaccen iri a gonakin manoma, su samar da ƙananan injunan sussuka, su kuma sa kunun tamba cikin abincin makarantu. Hukumar NAFDAC kuwa wajibi ne ta sa ido kan abin da ake rubutawa a jikin leda, domin kada a sayar wa marar lafiya gari da sunan magani.