Cinikin Biri a Sama



Wani ƙanena a nan Minanata, mai kaɗa jita a wajen biki, ya sayar da babur ɗinsa ya yi odar amfilifaya ta intanet, irin mai tsadar nan da ake haɗawa da hannu a Amurka. Hujjarsa? Wai ya ji sautinta a YouTube. Ta lasifikar waya fa!

Da ta iso, ashe ta wutar Amurka ce, bolt 120, tamu kuwa 230. Ya nemo taransifoma, ya tada janareta, sai ƙugi kamar an taɓo gidan zuma. Dillalin kuma ya daina ɗaga waya.

Masu cewa sunan kamfani ya isa shaida, ku saurara. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ke korar gani. Jitarka, yatsunka, wutar da ka ba ta, da filin da ka kafa ta, kowanne yana sauya mata murya. Wadda ta yi zaƙi a situdiyo mai sanyi, wa ya faɗa maka halinta a zafin Afrilun Sakkwato?

Ɗauki jitarka ka tafi shago, ko da Sabon Garin Kano ne. Jona ta, ƙure murya, rage, sannan ka ɗaga yatsu ka saurari ƙuginta. Bar ta kunne rabin awa ta ɗau zafi. Mai shago ya hana? Kama gabanka.

Kuɗin motar Kano dai bai kai kuɗin babur ba.