Gombe da taskar fasahar da wa'adinta ya ƙare

A ranar 21 ga Oktoba, 1824, wani magini a garin Leeds na ƙasar Ingila mai suna Joseph Aspdin ya karɓi takardar mallakar fasaha mai lamba 5022, kan hanyar ƙona dutsen farar ƙasa da yumɓu a samar da simintin da ya raɗa wa suna Portland. A 1885 kuma Frederick Ransome ya yi rajistar tanderu mai juyawa. Waɗannan takardu na cikin tushen aikin da masana'antar siminti ta Ashaka, a Ƙaramar Hukumar Funakaye, take yi tun da ta fara aiki a 1979.

Abin lura shi ne, takardar mallakar fasaha yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma. Hukuma tana ba shi damar cin moriyar abin da ya ƙirƙiro shi kaɗai na ɗan lokaci, shi kuma ya bayyana yadda ake yin sa dalla-dalla. A ƙarƙashin dokar Najeriya ta 1970, wa'adin shekara 20 ne. Da zarar ya ƙare, ilimin ya zama na kowa. Miliyoyin irin waɗannan takardu, da zane-zanen injinansu, suna nan kyauta a intanet, a rumbunan Espacenet da Google Patents.

A nan ne Gombe take da abin dubawa. Allah ya albarkaci jihar da farar ƙasa a Ashaka, da kwal a Maiganga, da ma'adinin jibsam a yankin Nafada. Amma masu kayan gini a kasuwannin birnin Gombe suna sayar da garin POP da galibi daga waje ake shigo da shi, alhali jibsam ne ake gasawa a zafin da bai wuce digiri 150 zuwa 180 ba. Hatta allon silin na jibsam, tun a 1894 Augustine Sackett ya yi rajistarsa a Amurka. Ba sirri ba ne ya hana wannan sana'a tsayuwa. Sakaci ne da rashin mai haɗa malamin jami'a da maƙerin bakin titi.

Gaskiya ne cewa takarda ba ta gina masana'anta. Sai da jari, da wutar lantarki, da ƙwararrun hannu. Haka kuma ba kowace tsohuwar dabara ce abin koyi ba. Hanyar Leblanc ta 1791 ta sarrafa sinadarin soda ta gurɓata iska da gonaki a Ingila, har majalisar ƙasar ta kafa dokar taƙaita hayaƙinta a 1863, daga baya kuma hanyar Solvay ta ture ta. Wanda ya karanta tarihin nan zai san abin ɗauka da abin gudu, don kada a girka wa ƙauyukan Gombe illar da wasu suka riga suka yi nadamarta.

Saboda haka ya kamata Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su sanya nazarin waɗannan takardu cikin ayyukan kammala karatu na ɗaliban kimiyyar sinadarai, tare da neman tallafin hukumar NOTAP, wadda aikinta ke nan. Gwamnatin jiha kuma ta ware wuri a rukunin masana'antu na Dadin Kowa don gwajin ƙananan tanderun gasa jibsam, ta kuma yi alkawarin sayen abin da ya cika ƙa'idar hukumar SON a gine-ginenta.

Muddin tireloli suna fita da ɗanyen ma'adini suna dawowa da shi a buhu da tsada, ayyukan yi na matasan Gombe ne ake lodawa zuwa wani gari. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma ilimin da ake buƙata an daɗe da rubuta shi. Saura a karanta.