Goa: aljannar da kyamara ta sayar mana

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a silima ko a kaset, ya san Goa ko da bai taɓa taka filin jirgi ba. Tun daga Bombay to Goa na 1972, zuwa Ek Duuje Ke Liye na 1981, har Dil Chahta Hai na 2001 inda Aamir Khan da abokansa biyu suka zauna bisa ganuwar Chapora suna kallon teku, abu guda ake nuna mana: farin rairayi, bishiyoyin kwakwa, ruwa shuɗi, babu kowa sai jarumi da jaruma. To jama'a, ni dai na ce wannan talla ce kawai, kuma an sayar mana da ita da tsada.

Mutanenmu da ke zuwa Indiya neman magani ko sarin kaya, da yawa sukan ware kwana uku su leƙa Kalangut, garin bakin tekun da masu talla ke wa kirari da sarauniyar gaɓa. Ni ma na leƙa, kuma gani ya kori ji. Titin da ke gangarawa bakin ruwa cike yake da shagunan giya, masu zanen jiki da 'yan babur na haya. Rairayin da ake rawa a kansa a fim, sai ka yi hattara kada ka taka fasasshiyar kwalba. Cunkoso kuwa, sai ka ce Kantin Kwari ana jibi sallah. Ka zauna ka huta, kafin minti biyar mutum goma sun tsaya a kanka: mai tabarau, mai tausa, mai kwale-kwale. Wani direban tasi ya nemi in biya shi kuɗin da ya fi na ɗakin kwanana, don tafiyar da ba ta kai daga Fagge zuwa Hotoro ba.

Wani zai ce ai laifin matafiyi ne da bai zaɓi lokaci ba. To wane lokacin? Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, teku na hauka, an hana shiga ruwa, rumfunan bakin gaɓa duk an kwashe. A Disamba kuma, lokacin da gari ya yi daɗi, farashin ɗaki yakan ninka, mashaya su cika gari har asuba. Musulmi mai kula da abin da zai kai bakinsa sai ya yi ta tambaya, domin naman alade sananne ne a girkin wurin, gadon Turawan Fotugal da suka riƙe ƙasar daga 1510 har 1961.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta taɓa haskawa. A shekarar 2000 wani ƙaton jirgin ruwa mai suna River Princess ya kafe a gaɓar Kandolim, maƙwabciyar Kalangut, ya shafe fiye da shekara goma yana tsatsa ana kallo, ruwa na cin gaɓa. Wa ya taɓa ganin sa a bayan jaruma tana waƙa? A 2013, bayan kisan wani ɗan Nijeriya da zanga-zangar da ta biyo baya, wani ministan jihar ya kwatanta 'yan Nijeriya da ciwon daji. Ya nemi afuwa daga baya, amma har yau baƙar fata mai koren fasfo yakan sha kallon tuhuma kafin a ba shi makulli.

Ba ina cewa Goa ba ta da abin gani ba ne. Tsofaffin majami'u na Tsohuwar Goa da masallacin Safa na garin Ponda, wanda aka gina a 1560, sun cancanci ziyara. Bikin finafinai na ƙasa da ƙasa da ake yi a Panaji tun 2004 ma abin zuwa ne ga ɗan fim. Sai dai ba su ake tallata mana ba, rairayi ake tallatawa.

'Yan fim sun fi kowa sanin sirrin. Darakta ya zo da asuba, a share wuri, a kori jama'a, a juya wa bola baya, sannan a ce akshin. Haka namu suke yi a bakin Tiga ko a lambun wani attajiri. Sana'a ce, ba mu ce a daina ba. Amma marubutanmu da ke kai ango da amarya yawon amarci bakin tekun Indiya a shafi na ɗari biyu, alhali iyakar saninsu da wurin faifan bidiyo ne, ku ji tsoron Allah. Akwai yarinyar da ke karantawa tana ƙullatar mijinta don bai kai ta ba, akwai kuma magidancin da zai ci bashi ya je.

Mai karatu, idan waƙar ta burge ka, ka mayar da ita baya ka sake kalla. Kuɗin jirgin kuwa, ka riƙe abinka ka biya wa yara makaranta.