Ba Kowane Ciwon Laftof Ne Ke Buƙatar Mai Gyara Ba

Matashin da ke iya kwashe hotuna daga tsohuwar waya zuwa sabuwa, ya kuma gano manhajar da ke cinye masa data, shi ne da zarar laftof ɗinsa ta fara nauyi sai ya cusa ta a jaka ya nufi kasuwa. Wannan tsoron ya yi yawa. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai a Kano, Zariya ko Maiduguri na hannu ne, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda tun asali don ofisoshi aka ƙera su, inda ake son a buɗe a gyara cikin ɗan lokaci. Wayar da ke aljihu gam ne ya riƙe ta, waɗannan kuwa notuna ne. Kamfanonin uku ma suna ajiye littafin kwancewa na samfuransu a intanet kyauta.

Babban ciwon laftof a Arewa ƙura ce. Fankar ciki tana zuƙo iska ta hura ta cikin wasu siraran ƙarafa da ke ɗauke zafin furosesa. Hunturu ɗaya ya isa ƙura ta toshe waɗannan ƙarafan kamar an liƙa musu auduga. Idan zafi ya rasa hanyar fita, furosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya tsananta kuma kwamfutar ta kashe kanta. Mai ita sai ya ce ta tsufa, ko bairos ya shige ta, alhali numfashi ne ya gagare ta. Sannan ga zafin watan Afrilu, ga ɗabi'ar ɗora ta a kan katifa ana kallon fim, inda katifar ke rufe ƙofofin iskar da ke ƙasa.

Maganin bai wuce ƙaramar sukundireba da burushi mai laushi ba. A kashe kwamfutar, a zare caja, a cire batir, ko a zare wayarsa idan na ciki ne. A taɓa wani ƙarfe kafin a sa hannu, domin lokacin hunturu jiki kan tara lantarkin nan da ke tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota, kuma shi kaɗai yana iya lalata kayan ciki. A riƙe fanka da yatsa yayin da ake share ta. Wayar hannu tana da aiki a nan: a ɗauki hoto a kowane mataki, a jera notunan yadda aka ciro su, saboda dogon noti a ramin gajere yana iya huda abin da bai kamata ba.

Aiki na biyu shi ne ya fi sauya rayuwar tsohuwar laftof. Faifan ajiya na HDD, mai juyawa sau 5,400 a minti, yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa. SSD mai girman inci 2.5 da ke shiga gurbinsa yana kai 500, kuma ba shi da abin da ke motsi balle jijjigar Keke Napep ta lalata shi. Wanda yake tunanin sayar da kwamfutarsa don ta cika jinkiri, gara ya fara gwada wannan. Ƙarin RAM ma haka yake, sai dai a duba ko DDR3 ce ko DDR4, don ba sa shiga gurbin juna, wasu laftof ɗin kuma a manne tasu take. Danna Ctrl, Shift da Esc tare zai nuna abin da ke cika, faifai ne ko RAM, kafin a kashe ko sisi.

Akwai kuma dalilin da ya fi kuɗi. Laftof ɗin da aka bari a shago kwana uku tana ɗauke da hotunan iyali, imel a buɗe, WhatsApp da aka haɗa, da kalmomin sirrin da burauza ta adana. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne, amma shago ba mutum ɗaya ke shigarsa ba. Kuma maganin da aka fi saurin bayarwa shi ne a goge komai a sake ɗora Windows. Ɗalibin ajin ƙarshe da bai kwafe furojet ɗinsa a filas ko Google Drive ba, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, a nan yake asarar aikin wata shida.

Masu gyara za su ce rabin kwamfutocin da ake kawo musu, masu su ne suka fara jagwalgwala su. Suna da gaskiya a wani ɓangare, domin akwai iyaka. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga maɓallai ba abin matsawa ko hudawa ba ne, yana iya kamawa da wuta; a daina caji nan take. Idan ruwa ko shayi ya zube, a kashe, a cire batir, a kai wa ƙwararre, binne ta a shinkafa ba ya hana tsatsa. Akwatin wutar kwamfutar tebur yana riƙe lantarki ko bayan an zare shi daga soket, ba a buɗe shi. Duk aikin da ya kai ga narka dalma a kan babban allon ciki, na masu Farm Centre ne da takwarorinsu, kuma sun cancanci kuɗinsu.

Caja ma ta kashe laftof da yawa. Adadin bolt da ke jikinta dole ya dace da wanda aka rubuta a ƙasan kwamfutar, 19.5 a yawancin HP da Dell, 20 a Lenovo. Shigar bakin caja cikin rami ba shi ne dacewa ba. Idan an ɗauke wuta ko za a tayar da janareta, a zare ta daga soket, sai wutar ta daidaita a mayar.