Katangar Cikin Rana Da Katangar Bakolori

Ya 'yan'uwa ɗalibai, mun gaji da jin masu cewa wai nazarin ƙwayar zarra aikin Turawa ne, ba ruwan ɗan Bakura da shi. To, ranar da ke nunar da shinkafar Talata Mafara da me take ci?

A cikinta cibiyoyin haidurojin ne ke haɗewa su zama hiliyam. Kowace tana ture 'yar'uwarta, domin cajinsu iri ɗaya ne, kuma zafin tsakiyar rana, digiri miliyan 15, bai isa ya haurar da su wannan katanga ba. Sai dai jefi-jefi wata ta ratsa ta, ta ɓulla ciki ba tare da ta haura ba. George Gamow ya bayyana lissafin wannan ratsawa tun 1928. Manyan cibiyoyi kuwa, idan aka gwara su a ɗakin gwaji, wani ɓangare na ƙarfin gudunsu yakan tsiyaye kafin su manne, sai haɗewar ta ragu.

Asarar makamashi ita ce abin da mai talla ba ya faɗa. A Disamba 2022 aka yi shela cewa a Kalifoniya hasken leza na megajul 2.05 ya haifar da megajul 3.15. Gaskiya ne. Amma na'urar ta sha wajen megajul 300 na lantarki kafin ta harba hasken. Wanda bai san wannan ba, ranar da 'yan kwangila suka zo da takarda, hannu kawai zai sa.

Mun kuwa taɓa gani. Kamfanin Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka kammala a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da garuruwa a ƙasar Maradun, fadamun da ke ƙasa suka rasa ambaliyar da suke noma da ita. Da manoma suka tare hanya suna neman diyya, a Afrilun 1980 aka amsa musu da harsashi. Lissafin na baƙi ne, gawawwakin namu.

Ba daga sifiri za mu fara ba. Tun 2004 injin nukiliya na bincike ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ko da yake fasa ƙwayar zarra yake yi, ba haɗa ta ba. Muna kira ga gwamnatin Zamfara ta ware gurbin karatun kimiyyar nukiliya ga 'ya'yan manoman Mafara, Bakura da Maradun, ta biya kuɗin har su gama.